Kwana biyu a gandun teku na Watamu: hirar da ta ɓarke a zauren Zazzagawa

Baban Hanifa, Samaru:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Na dawo lafiya tun Talata, Alhamdu lillahi, kuma na ga saƙonninku na addu'a, Allah ya saka da alheri. Taron da ya kai ni Mombasa kwana 4 ne, da aka tashi sai na ƙara kwana 2 daga aljihuna na hau mota zuwa wani gari da ake kira Watamu, arewa da Mombasa, kafin a kai Malindi. Abin da ya kai ni shi ne gandun da ke cikin teku. Mu da muka san Yankari da Kamuku, in an ce gandun daji sai mu hango ciyawa da giwaye. To wannan ruwa ne aka shata masa iyaka tun 1968, aka ce a cikinsa ba a jefa koma, ba a kama kifi, ba a ɗaukar ko ƙwanso. Hukumar kula da namun daji ta Kenya ce ke gadinsa, kamar yadda take gadin zakuna.

An sa mu a wani jirgi mai gilashi a ƙasansa. Kana zaune kana kallon ƙarƙashin teku kamar ka leƙa rijiya mai haske. Wallahi ban taɓa ganin launuka irin waɗannan a jikin halitta ba: kifi shuɗi, kifi rawaya mai ratsin baƙi, wani mai baki kamar na aku yana gwaguyar dutse. Daga baya na sa rigar kariya da tabaran ruwa mai bututun numfashi na sauka. Wata ƙatuwar kififiya ta wuce ta gabana a natse, ta hau sama ta shaƙi iska ta koma. Shekarata 47, kuma sai da na ji hawaye a cikin tabaran nan. Abin da nake so mu tattauna: me ya sa mu mutanen nan ba mu ɗauki kallon halittar Allah a bakin komai ba?

Alhaji na Ƙofar Doka:
Wa alaikumus salam. Barka da dawowa Malam. Amma zan faɗa maka gaskiya a matsayina na yayanka. Yau da safe sai da na tare 'yan ga-ruwa biyu kafin iyali su sami na girki. Mutumin da yake sayen ruwa a jarka, kana ba shi labarin ruwan da ake biyan kuɗi don a kalla? Wannan harka ce ta Turawa da waɗanda ciki ya cika. Kuɗin kwana biyun nan da ka sayi buhun masara ka raba a unguwa, da ya fi lada.

Maman Ikram, Tudun Wada:
Alhaji, da girmanka, ni ban ga laifinsa ba. Mutum ya yi aikinsa, ya ɗauki halalinsa ya je ya ga abin da Allah ya ce a yi tafiya a bayan ƙasa a gani. Sadaka kuma ba mu san abin da yake yi tsakaninsa da Ubangijinsa ba. Baban Hanifa, ni tambayata ta mata ce. In mace ta je da hijabinta, akwai abin da za ta gani, ko sai wadda za ta shiga ruwa?

Baban Hanifa, Samaru:
Alhaji, na karɓi maganarka, kuma matsalar ruwan Zariya ni ma a cikinta nake kwana nake tashi. Zan dawo kanta. Hajiya, a jirgin da muka shiga akwai mata uku 'yan ƙasar da dogayen baƙaƙen riguna da lulluɓi, ba wadda ta jiƙa ko ƙafa, kuma sun ga duk abin da na gani ta gilashin. Gaɓar tekun Kenya Musulmi sun yi yawa sosai, kiran salla kake ji ta ko'ina, abinci kuma babu fargaba. Kusa da Watamu ma akwai kufan wani tsohon birni, Gede, inda har yanzu bangon masallatai da mihrabi da rijiyoyi suke tsaye a cikin kurmi. An watse daga garin tun ƙarni na 17, kuma a 2024 UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya. Da na tsaya a wurin ganuwar Zazzau ce ta faɗo mini a rai, da yadda muke kallo ana cinye ta da gine-gine.

Malama daga Kongo:
Bari in ɗan sa baki, tunda ilimin halittu nake koyarwa. Abin da Malam ya kira dutse, wanda kifin yake gwaguya, ba dutse ba ne. Murjani ne. Eh, murjanin da muka sani a suna, wanda ya zo tare da lu'ulu'u a Suratur Rahman. Yawancinmu mun ɗauka wani ma'adini ne ake haƙowa, alhali dabba ce. Ƙananan halittu ne masu taushi, dubbai a manne da juna, kowace tana gina wa kanta ɗan gida na farar ƙasa mai tauri. In sun mutu wasu su yi gini a kan gidajensu, haka haka har ya zama tudu a cikin teku. Wasu nau'in a shekara guda ba su ƙara fiye da faɗin farce. Jan murjanin da kakanninmu mata suke sawa a wuya, da wanda sarakunan Bini suke ado da shi, wani nau'i ne dabam, an fi samo shi daga Bahar Rum.

Abin da ya fi ba ni mamaki a karatunsa shi ne wannan: a cikin jikin kowace halittar akwai wani tsiro ƙanƙane da ido ba ya gani. Tsiron yana sarrafa hasken rana ya ciyar da ita, ita kuma ta ba shi masauki, kuma shi ne yake ba ta launi. In ruwa ya yi zafi fiye da yadda suka saba, ko da digiri 1 ko 2 ne na tsawon makonni, sai ta kore shi, ta koma fari fat. In zafin ya daɗe ta mutu da yunwa. A 1998 haka ta faru a Tekun Indiya, murjani mai ɗimbin yawa ya mutu a gaɓar Kenya. Kuma kifin da masunta ke kamawa a wajen gandun, da yawansa a wannan tudun yake ƙyanƙyasa ya girma. Shi ya sa nake ganin maganar ba ta kallo kaɗai ba ce, Alhaji, maganar abinci ce.

Alhaji na Ƙofar Doka:
Malama, na ƙaru da batun murjani, ban taɓa sani ba. Mahaifiyata tana da shi, Allah ya jiƙanta. Amma ki amsa mini wannan. Masuncin da kakansa ya kama kifi a wurin, gwamnati ta zo ta ce daga yau haramun ne, don baƙo ya zo ya kalla. Wa ya ci riba? Mun ga yadda ake yi wa talaka a nan in an ce za a keɓe fili.

Baban Hanifa, Samaru:
Wannan tambayar ita na yi wa mai jirginmu, Alhaji, domin ni ma ta tsaya mini. Shi ɗan masunta ne. Ya nuna mini cewa wurin kashi biyu ne. Akwai tsakiya, ƙaramin yanki, inda aka hana kamun kifi gaba ɗaya. Sai wani yanki mai faɗi da ya kewaye shi, inda aka bar mutanen gari su yi su irin na gargajiya. Ya ce kifi in ya cika a tsakiya fitowa yake yi, domin bai san iyaka ba, kuma masu tarko sun fi son su kafa a bakin iyakar. Amma bai ɓoye mini ba: ya ce manyan otal-otal na bakin ruwa su ne ke kwashe kaso mai tsoka, ɗan gari sai jirgi da sayar da kwakwa da tsaraba, kuma in baƙi suka ɗauke ƙafa, kamar lokacin korona, sai yunwa. Don haka ba zan ce maka babu zalunci a ciki ba. Abin da na ce shi ne da an bar kowa ya ɗiba yadda ya so, da yanzu ba kifin ba murjanin.

Akwai wani tsari da ya burge ni. Wata ƙungiya a garin, da ta fara aiki tun 1997, takan ba masunci ɗan kuɗi in kififiya ta faɗa komarsa ya kawo ta da rai maimakon ya yanka. A auna ta, a duba lafiyarta, a sa mata alama, a mayar da ita. Ba wa'azi kawai aka yi masa ba, an biya shi asarar komarsa.

Ɗan Gyallesu:
Tambaya ga malamai. A mazhabarmu ai naman teku halal ne, har mushensa, kamar yadda ya zo a hadisi. Sahabbai ma ƙarƙashin Abu Ubaida sun sami ƙaton kifi da teku ya jefo suka yi kwanaki suna ci. To da wane dalili za a hana Musulmi cin kififiya?

Malam na Kwarbai:
Ɗana, hadisan da ka kawo ingantattu ne, ba jayayya. Amma halaccin abu dabam, damar ƙarar da shi dabam. Naman saniya halal ne, amma in shugaba ya ga ana yanka masu ciki har garke zai ƙare, yana da ikon ya hana saboda maslaha. Kuma keɓe wuri ba baƙon abu ba ne a Musulunci. Akwai abin da ake kira hima, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe Naƙi'u kusa da Madina, Sayyidina Umar ma ya keɓe Rabaza. Sharaɗin shi ne a keɓe don amfanin jama'a, ba don wani mai ƙarfi shi kaɗai ba. Ka ga nan tambayar Alhaji take da nauyi, kuma ita ya kamata a riƙa yi wa kowane gandu.

Malama daga Kongo:
Allah ya ƙara wa Malam lafiya. In ƙara da dalilin da ya sa kififiyar teku take saurin ƙarewa. Takan yi shekaru 20 zuwa 30 ko fiye kafin ta fara ƙwai. In lokaci ya yi sai ta koma yankin da aka ƙyanƙyashe ta, ta fito da dare, ta haƙa rami a yashi, ta zuba ƙwai wajen 100, ta rufe ta tafi. Bayan kamar wata 2 'ya'yan su fito su nufi ruwa. Kaguwa na jira, tsuntsaye na jira, manyan kifaye na jira, kaɗan ƙwarai ne ke kai girma. Hasken fitilun otal ma yana ruɗa su, su juya wa teku baya su nufi titi. Kuma zafin yashin ne ke yanke ko mace za a samu ko namiji, in ya yi zafi sosai mata ne za su yi yawa. Wanda ya yanka babba guda ya yanke aikin shekara 30.

Kofa, na yi bautar ƙasa a Bayelsa:
Ni abin da ke ci mini rai, sai mun je Kenya? Na yi shekara guda a Bayelsa, na shiga kwalekwale cikin kurmin itatuwan nan masu tsirowa a ruwan gishiri, saiwoyinsu a waje kamar ƙafafun gizo-gizo. Babu ƙasar da ta kai Najeriya yawan irin wannan kurmi a duk Afirka. Gaɓar tekunmu ta haura kilomita 800. Kififiya tana ƙwai a yashinmu, manyan kifayen nan na wel suna wucewa ta ruwanmu. A ƙarshen 2020 gwamnatin Buhari ta amince da sababbin gandaye 10, biyu daga ciki a Bayelsa suke, Apoi da Edumanom, sauran kuma akwai Falgore ta Kano da Kogo ta Katsina da fadamar Haɗeja da Pandam ta Filato. Amma na ga rafukan da ɗanyen mai ya mayar baƙi ƙirin, na ga masunta sun dawo hannu rabbana. Wa zai biya kuɗi ya je kallon wannan?

Baban Hanifa, Samaru:
Ƙanena, ka taɓo inda ke mini ciwo. Game da wel, ni ban gan su ba, domin na je a lokacin da ba nasu ba. Sukan iso gaɓar Kenya daga wajen Yuli zuwa Satumba ko Oktoba, daga ruwan ƙanƙara na can kudancin duniya, su haihu a ruwa mai ɗumi. Babba yakan kai mita 15, nauyi tan 30 ko fiye. Lokacin kuma iskar da suke kira kusi ke kaɗawa, teku ya yi fushi. Mai son kallon murjani a ruwa garau ya fi kyau ya je tsakanin Nuwamba da Maris.

Maman Ikram, Tudun Wada:
Wel ɗin nan shi ne giwan ruwa?

Malama daga Kongo:
A'a Hajiya. Giwan ruwa kifi ne na kogi da tafki, irin wanda ake fitowa da shi a Argungu. Wel kuwa ba kifi ba ne ma a haƙiƙa, iska yake shaƙa, haihuwa yake yi, yana shayarwa. A wannan ya yi kama da ayu ɗinmu na Binuwai da Neja, wanda ake kashewa saboda mansa har ya yi wuyar gani. Ki ga, muna da tamu dabbar ruwa mai shayarwa, yaranmu ba su san kamarta ba sai dai sunanta a bakin masu magani.

Alhaji na Ƙofar Doka:
To ni kuma tsoron ruwa fa? Ba mu manta Bagwai ba a 2021, yara 'yan Islamiyya. Ba mu manta Warra ba a 2021 ɗin, da Patigi a 2023. Ruwa ba sa'an kwando ba ne. Bahaushen Zariya da bai iya iyo ba ka ce ya shiga teku?

Baban Hanifa, Samaru:
Allah ya jiƙansu da rahama. Alhaji, ni ma ban iya iyo ba, ko a rafinmu na Kubanni ban taɓa shiga ba, iyayenmu sun hana. Amma ka san me na lura? Ba wanda ya taka jirgin nan sai da aka ɗaura masa rigar kariya, aka ƙirga mu, kuma da muka cika adadi aka ce sauran su jira na gaba ko da sun biya. Abin da ke kashe mutanenmu lodi ne fiye da ƙima, da tafiyar dare, da tsofaffin kwalekwale, da rashin wannan rigar. Da rigar a jikina ko na so in nutse ba zan iya ba, ga kuma yaron jirgi riƙe da taya mai igiya a gefena.

Sai dai ba duka ne ya yi mini daɗi ba, kuma gara in faɗa. Washegari muka fita neman dolfin, wasu dabbobin teku masu shayarwa masu kama da manyan kifaye. Da suka ɓullo, jirage wajen biyar suka yi kansu da gudu, namu ma a ciki, kowa yana so baƙonsa ya ɗauki hoto. Akwai uwa da ɗanta, na ga yadda ta dinga nutsewa da shi tana canza hanya. Na ce wa direbanmu ya rage wuta, ya ce in bai matsa ba baƙi ba za su ba shi goro ba. Na ga wani kuma ya tsaya da ƙafa a kan murjani yana gyara tabarau, abin da Malama ta ce yana shekaru kafin ya ƙara faɗin farce. Ni kaina na yi kuskure, na tsinci wani ƙwanso mai kyau a yashi zan kawo wa Hanifa. Mai gadi ya ce in juya shi, sai ga 'yar kaguwa a ciki ta mai da shi gida. Na mayar, kuma na ji kunya ƙwarai. Kallo ma yana da ladabi, in babu shi mai kallo ya fi masunci ɓarna.

Ɗan Gyallesu:
Malam, ka ce za ka dawo kan ruwan Zariya.

Baban Hanifa, Samaru:
Na gode da tuni. A bakin ruwan Watamu na ga matasa da buhuna suna tsintar robobi da silifas da teku ya kawo daga wasu ƙasashe. Kenya ta hana leda tun 2017, kuma daga 2020 ba a shiga gandayensu da robar da ake sha a yar. Kififiya tana cin wata halitta mai yauƙi, fara, da ke yawo a ruwa, in ta ga leda sai ta ɗauka ita ce, ta haɗiye, hanjinta ya toshe. Ina tsaye ina tunanin kwatocin Sabon Gari da Tudun Wada in an yi ruwan farko. Duk ledar fiya wata da ke ciki Kubanni take tafiya, Kubanni ta zuba a Galma, Galma ta zuba a kogin Kaduna, Kaduna ta haɗu da Neja, Neja ta faɗa Atlantika ta inda Kofa ya yi bautar ƙasa. Muna da nisa da teku, amma ruwanmu yana zuwa can.

Injiniya, Hanwa:
Malam, gyara kaɗan. Akwai madatsar Shiroro a kan hanya, kuma yawancin ledar ba ta ma kaiwa can, a fadamun da ke kusa take maƙalewa. Wannan bai rage laifin ba, ƙara shi ya yi, domin a nan gida take zama: a gonar mai noman rani a bakin Galma, a cikin tumbin akuya da saniya, tambayi kowane mahauci abin da yake fitarwa. Kuma ita ke toshe magudana ruwa ya shiga gidaje a Agusta. Ruwan da Alhaji yake saye a jarka da wannan duk gindi ɗaya ne, ba mu ɗauki ruwa a matsayin amana ba.

Alhaji na Ƙofar Doka:
Wannan kam na yarda, Injiniya. Har yanzu dai ba zan ɗauki kuɗina in je Kenya kallon kifi ba, kuma har yanzu ina ganin talakan bakin ruwan ya kamata ya fi mai otal amfana. Amma lokacin muna yara akwai gauraka a fadamar bayan gari, akwai dinya da kirinjijiya, shamuwa kuwa in ta sauka a kan kukar gidanmu kowa ya san a fara gyaran gona. Jikokina ba su san gauraka ba. Sai yanzu da kuke magana na tuna rabon da in ji kukanta.

Malama daga Kongo:
Baba, wasu suna nan har yanzu. A dam ɗin jami'a da sassafe, musamman daga Nuwamba zuwa Fabrairu, za ka ga zalɓe da belbela da kirinjijiya, da ƙananan tsuntsaye masu dogayen ƙafafu da ke zuwa daga Turai gudun sanyi, 'yan uwan waɗanda ke sauka a fadamar Haɗeja da Nguru. Ina da madubin hangen nesa guda biyu. In zaure ya yarda, mu haɗu Asabar mai zuwa bayan sallar asuba, kowa ya zo da yaro ɗaya ko biyu, da buhu ɗaya na kwasar leda. Sharaɗi: ba gwafa, ba danƙo, ba wanda zai shiga ruwa.

Maman Ikram, Tudun Wada:
Ni da Ikram da ƙaninta muna ciki in Allah ya kai mu. Zan zo da kunu. Baban Hanifa, ka taho da hotunan kififiyar a waya yara su gani.

Alhaji na Ƙofar Doka:
Malama, ta wace ƙofa ake shiga, kuma mota tana kaiwa bakin ruwan ko sai an taka? Gwiwata ba ta son nisa, amma zan kawo jikoki biyu.